Ƙunshin da Ya Ci Yatsun Umma

Assalamu alaikum. Umma ta ba ni izinin rubuta wannan da sharaɗi guda, kada in kama sunan yarinyar. Na yarda, don haka zan kira ta Nusaiba, ba kuwa sunanta ke nan ba. Sauran duk yadda ya faru ne. Na rubuta ne saboda duk wadda take da uwa a gida, take kuma da 'yar'uwa mai sayar da man shafawa ta waya.

Sunana Hadiza, malamar firamare ce, ina aure a Tarauni. Umma mahaifiyata tana gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Ta daɗe da ciwon suga, amma irin mai ladabin nan, ƙwaya ɗaya da safe, a rage tuwo, shi ke nan. Da ƙafarta take zuwa Islamiyyar manyan mata, da ƙafarta take zuwa gidana in ta bushi iska, ta ce kuɗin adaidaita sahu ɓarna ne. Bayan jikokinta, ban san abin da take so kamar lalle ba. Tun tasowata ban taɓa ganin ƙafar Umma babu ja ba. Ita take kwaɓa abinta, ta ƙunsa da leda, ta ɗora safa, ta miƙe ƙafa a tabarma tun hantsi har azahar tana jan carbi. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya tsaya.

Da Abba ya rasu ta shiga takaba. Babu lalle, babu turare, babu fita. Yawancin wuninta a tsakar gida take yi, rana na dukanta tana karɓar gaisuwa. Kafin ta gama ta rame, kuma wani baƙin tabo ya fito mata a kumatu biyu, kamar an shafa gawayi an goge bai fita duka ba. Ita bai dame ta ba. Mutane ya dama.

Ranar fitar takaba dangi suka cika gida kamar yadda aka saba, mai atamfa, mai turaren wuta, mai sabulu. Sai ga Nusaiba, 'yar Baffa Sule ƙanin Abba, da kwando an naɗe shi da leda mai ƙyalli. Nusaiba ba ta taɓa karanta komai a kan jikin ɗan Adam ba. Wani aji ta shiga a waya, ta biya, aka turo mata hoton satifiket, daga nan ta zama masaniyar fata. Ta durƙusa gaban Umma tana fito da robobi ɗaya bayan ɗaya, baki na zuba kamar ta haɗiyi rediyo.

“Umma, wannan ba bilicin ba ne, Allah ya kiyaye. Kosmesutikal ne, rabi kwalliya rabi magani. Akwai aktif a ciki.”

Gwaggo Asabe, yayar Abba, ta matso. “Akwai me, 'yar nan?”

“Aktif, Gwaggo. Abin da yake yin aikin. Nayasinamid, retinol, bitamin C. Duk oganik ne, ni na haɗa da hannuna.”

Ɗakin ya ɗauki ma sha Allah. Babu wadda ta san ko ɗaya daga cikin sunayen nan, amma tunda ba da Hausa aka faɗa ba, sai ya zama ilimi. Na ɗauki roba ɗaya na juya ta. Takarda ce mai ruwan gwal a manne, da hoton fure, da sunan shagonta, da lambar waya. Abin da aka zuba a ciki kuwa ko harafi babu. Na ce, “Nusaiba, me da me kika sa?” Ta yi dariya ta ce, “Anti Hadiza, sirrin sana'a ai ba a faɗa.” Mata suka taya ta dariya. Ranar ba ranar musu ba ce, na ajiye robar.

Umma hanya ɗaya ta sani ta shafa mai, wadda ta gada da man kaɗanya: in an fito wanka a cika tafin hannu, a bi jiki tun daga wuya har tafin ƙafa. Haka ta yi wa wannan, safe da yamma. Nusaiba ba ta ce mata ga iya adadi ba, ba ta ce ga inda ba a sa wa ba. Me zai sa ta faɗa? In roba ta ƙare da wuri ai wata za a saya. Na farkon kyauta ne, na bayan kuma Umma ta riƙa saye, wai tana ƙarfafa wa 'yar ƙanin mijinta gwiwa.

Cikin 'yan makonni Umma ta yi haske. Ba tabon kaɗai ya tafi ba, launin da muka san ta da shi tun haihuwarmu ma ya bi shi. Fuskarta ta cika ta zama zagaye. Duk bikin da aka je sai ka ji, “Kai Hajiya, kin murmure,” “Hajiya, takaba ta karɓe ki.” Manyan mata masu jikoki suna jan ta gefe suna tambayar lambar mai haɗin. Ni kuma abin da nake gani daban. Jijiyoyi kore sun fito raɗau a hannunta. In ta ɗan bugu da ƙofa sai wurin ya taru da jini ya kwana biyu bai baje ba. Nankarwa mai faɗi, ja-ja, ta keto mata a hammata da cinya, mace da ta gama haihuwa tun ina 'yan mata. Makero ya kama ta a maƙogwaro da bayan gwiwa. Ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga zaryar banɗaki.

Na yi mata magana. Ta ce, “Dije, yarinya ta kawo abu da zuciya ɗaya. So kike a ce matar Alhaji ta raina kayan 'yarsa tun ƙasa ba ta bushe a kansa ba?” Na kira Nusaiba na lissafa mata abin da nake gani. Ko a jikinta. Ta ce, “Fatar ce take fitar da datti, Anti. Alamar yana aiki ne.” Wannan magana na ji ta har na gaji. Ƙaiƙayi, yana aiki ne. Zafi, yana aiki ne. Ina jin da kan mutum zai cire ma cewa za ta yi aikin ne ya kai sama.

Wata da watanni ana haka, jiki ya yi fari, gaɓoɓin yatsu suka ƙi. Na ƙafa musamman, suka tsaya baƙi ƙirin a kan farar ƙafa. Wata a Islamiyya ta yi wa Umma tsiya a kai, ita kuma ta faɗa wa Nusaiba. Nusaiba ta aiko da 'yar kwalba mai ruwa-ruwa, ruwan ɗorawa, ta ce a shafa a yatsun zai ɓare baƙin. Iyakar bayanin ke nan. Ba ta ce asid ba ne. Ba ta ce irin wanda ake wankewa bayan ɗan lokaci kaɗan ba ne. Ina shakkar ita ma ta sani.

To Umma abin da ta sani tun tana amarya shi ne, duk abin da ake so ya kama ƙafa ƙunsa shi ake yi. Ta jiƙa auduga da ruwan nan sharkaf, ta naɗe yatsun ƙafarta ta hagu, ta ɗaure da leda, ta ɗora safa, ta miƙe ƙafa a tabarma ta ɗauki carbi. Niyyarta in ta ga yadda ta hagu ta yi, gobe ta yi wa ta dama. Abin da ba mu sani ba, suga ya riga ya rage mata ji a ƙafa. Ta ce ɗan ɗumi kawai ta ji. Da aka kira azahar ta kwance za ta yi alwala, fatar yatsun ta biyo audugar.

Ba ta faɗa mini ba. Gwaggo Asabe ta faɗa wa, ita kuma Gwaggo ta zama likita. Aka sa zuma, aka sa man shanu, aka fasa kafso aka barbaɗa garin. Da abin ya ƙi, Gwaggo ta yanke hukuncin cewa kambun baka ne, Hajiya ta yi kyau mutane sun sa mata ido, aka shiga hayaƙi da tofi. Kwalbar da ta yi ɓarnar tana nan a kan madubi, babu wanda ya kalle ta da zargi. An fi yarda maƙwabta ne suka ci ƙafar da ido.

Wata Asabar na zo na tarar Umma tana sallar la'asar a zaune a kujera, ƙafa ɗaya cikin safa, ga wani wari a ɗakin da turaren wuta ya kasa rufewa. Da ta sallame na durƙusa na ce sai na gani. Ta ce ba komai, ɗan ƙuna ne. Na zare safar a hankali. Ba zan kwatanta abin da na gani ba, don wasu suna karanta wannan suna cin abinci. Ƙafar ta kumbura har idon sawu, ƙananan yatsu biyu sun canza launi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da Abba ya cika.

Washegari da sassafe muna asibiti. Wanda ya san layin kati ya san shi, ba sai na ɓata takarda ba. Ka bi layi a ba ka lamba, ka bi layi ka biya, ka koma layin farko ka nuna ka biya, tsohuwa na zaune a benci ƙafa na tsiyaya. Da aka zo gwajin suga, nas ɗin ta kalli na'urar, ta kalli Umma, ta je ta ɗauko wata na'urar ta sake. Daga nan babu sauran layi. Aka ba mu gado a ranar, aka ɗaura ruwa, aka fara allurai.

Na ɗauki hutu a makaranta na tare a asibitin da tabarmata da fulas. Makon farko wankin ciwo ne kullum, da aike. Auduga, je ki sayo. Bandeji, je ki sayo. Allurar nan babu ita a nan, sai kemis na bakin titi. Abin da Abba ya bari na ko-ta-kwana a can ya narke, har 'yan kunnen gwal ɗina suka bi. Amma zan faɗi gaskiya, nas-nas ɗin ɗakin nan sun yi mana abin da wasu dangi ba su yi ba. Akwai wata doguwa da ke wanke ciwon tana yi wa Umma hirar jikoki don ta ɗauke mata hankali. Allah ya biya ta.

Sai dai maimakon sauƙi, kafin makon ya ƙare Umma ta ƙara rikicewa. Amai, jiri, ba ta iya ɗaga kai daga matashi. Awon jininta ya yi ƙasa sosai, matar da kullum ake ce mata ta rage gishiri don gudun hawan jini. Ina kiranta tana amsawa da ƙyar kamar daga ƙarshen lungu. Likitocin da ke duba ƙafar suka ce abin ya fi ƙarfin ciwon ƙafa kaɗai. Ɗayansu ya lura da nankarwar da makeron, ya sa aka kira likitar fata.

Ta zo da hantsi, mace mai sanyin magana. Ba ta fara da ƙafar ba. Ta kama hannun Umma ta ɗan ja fatar da yatsu biyu, ta duba hammata, ta daɗe tana kallon fuskar. Sannan ta juyo gare ni ta ce, “Me take shafawa, kuma tun yaushe?” Na sa aka kwaso robobin daga gida. Ta juya ɗaya kamar yadda na juya ranar fitar takaba, ta ga fure da lambar waya, ta ajiye.

Ta ce, “Ina zargin akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki. Jiki yana da wani sinadari da yake yi da kansa, wanda ke riƙe mutum in ciwo ya zo. In aka daɗe ana shafa irin wannan a duk jiki, yana ratsa fata ya shiga jini, sai jiki ya ga ana kawo masa daga waje, ya daina yin nasa. Shi ne ya tayar mata da suga, shi ya sa fatar ta yi siriri, shi ya kumbura fuskar da ake cewa ƙiba ce. Da aka kwantar da ita shafawa ta tsaya lokaci guda, ga ciwo, jiki kuma ba shi da nasa. Ba za mu jira kowa ba, za mu ɗebi jini mu fara magani yanzu. Amma ki je ki tambayo mai haɗin abin da ta zuba.”

Na kira Nusaiba. Ta rantse ta maya babu sitiroyid, kayanta oganik ne, kuma kwastomominta babu wadda ta taɓa kawo ƙara. Na kashe wayar na hau adaidaita sahu zuwa gidan Baffa Sule.

A ɗakin baya take haɗin. A waya in ka ga hotonta cikin farar riga da safar hannu sai ka ɗauka wani kamfani ne. Bokitin fenti ne guda biyu, da muciya, da cokalin shayi, da ƙullin garurruka a leda babu suna, sai wanda aka rubuta wa harafi ɗaya da biro. A bayan ƙofa ga buhu cike da matsattsun tub-tub na magani, an farke cikinsu da reza an kwashe tas. Na ɗebo guda na ce, “Wannan fa?”

Ta ce, “Wannan ai tub ne, Anti. Malamarmu ta ce a matse a ciki don ya yi saurin aiki. Kowa yana sa wa.”

“Kin taɓa karanta abin da aka rubuta a jikinsa?”

Ta karɓa ta kai kusa da ido tana motsa baki. A nan na gane ba ƙarya take mini ba, kuma wannan ya fi ƙaryar ba ni haushi. Yarinyar da ke iya furta nayasinamid ba tare da harshenta ya sarƙe ba, ba ta taɓa juya abin da take matsawa a jikin mutane ta ga sunansa ba. Na tambaye ta 'yar kwalbar fa, wane asid ne, ƙarfinsa nawa. Ta ce a jarka take sayowa ta ɗura, mai sayarwar ya ce mai kyau ne.

Muryata ta tashi, Baffa ya fito daga ɗakinsa. Na nuna masa buhun, na faɗa masa halin da matar yayansa take ciki. Ya yi salati, sannan ya ce, “Hadiza, kada ki ɓata zumunci a kan man shafawa. Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Yarinyar nan neman halaliyarta take.” Na ce, “Haka ne, Baffa.” Na haɗiye sauran, don ba a yi mini tarbiyyar mayar wa ƙanin uba magana ba. Na cika jakata da tub na fito.

Likitar ta karanta ƙaramin rubutun ta gyaɗa kai. Sunan da ta faɗa kulobetasol, na sa ta maimaita har ya zauna mini. Ta ce, “Wannan magani ne, ba kayan kwalliya ba. Ni da nake likita, in zan ba da shi, a ɗan wuri ne, na ɗan lokaci, kuma ina dubawa.”

Raina a ɓace na ce mata, to ashe duk waɗannan aktif ɗin da ake ta yayatawa guba ne. Ta ce a'a, kuma ta zauna a bakin gado ta yi mini bayani, ga marasa lafiya na jiranta. Ta ce sinadaran gaske ne, suna aiki, shi ya sa ma ake jin tsoronsu. Nayasinamid mai sauƙin hali ne, yana rage tabo a hankali, yawancin mutane ba ya damunsu. Retinol da dare ake sa shi, kamar ƙwayar wake ɗaya ta ishi fuska duka, mai ciki ba ta taɓa shi, kuma wadda ke sa shi dole ta riƙa shafa man kariya daga rana in gari ya waye. Bitamin C in iska da haske suka same shi lalacewa yake, don haka wanda aka dama a bokiti da muciya sunansa kawai ya rage. Asid kuma hawa-hawa ne, akwai mai rauni da ake bari a fata, akwai mai ƙarfi da sai ƙwararre yake sa shi yana kallon agogo ya wanke, kuma babu mai hankalin da zai kai shi ƙafar mai suga, balle a ƙunsa shi da leda. Akwai wani wai shi haidirokwinon da masu haɗi ke so, in an daɗe a kansa baƙin da yake bari ya fi wanda ya tarar, kuma da wuya ya fita.

Na tambaye ta kalmar nan ta Nusaiba, kosmesutikal. Ta yi murmushi ta ce kalmar 'yan kasuwa ce, ana nufin kayan kwalliya mai ɗauke da sinadari mai aiki, amma faɗinta ba ya nuna an gwada abin kamar yadda ake gwada magani. Ta ce, “Duk robar da ba a rubuta abin da ke ciki da ƙarfinsa ba, ki ɗauka mai ita ko dai ɓoyewa yake, ko bai sani ba.” Tabon da aka fara duk wannan dominsa kuwa, ta ce da Umma ta rage zama a rana, ta sa man kariya da wani man shafawa mai sauƙi, da ya dusashe da kansa ko ya ragu. In ma bai ragu ba, babu wadda tabon kumatu ya taɓa kwantarwa a asibiti.

Alhamdu lillahi, da aka fara allurar da likitar ta rubuta, Umma ta dawo hayyacinta. Ta nemi kunu, ta yi mini faɗa a kan na bar yara da babansu. Aka mayar da ita kan ƙwayoyi da za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har jiki ya tuna aikinsa. Amma ƙafar ta riga ta yi nisa. A mako na uku likitan tiyata ya ce ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun mutu. Ko a cire su yanzu, ko a jira a cire ƙafar daga baya.

Gwaggo Asabe ta ce atafau ba za a yanka matar ƙaninta ba, akwai wani mai magani a ƙauyensu da ke tayar da abin da ya fi wannan. Matar da ta barbaɗa kafso a kan ƙunar asid, ita ce ke da sauran shawara. Na kalli Umma. Umma ta ce, “Yaya Asabe, na gode. Likita, a cire. A bar mini abin da zan taka in je makaranta.” Aka yi aikin, aka fito lafiya.

Ana cikin zaman warkewa sai ga Baffa da Nusaiba sun zo dubiya, da lemo da kankana. Ta durƙusa tana hawaye, “Sannu Umma, Allah ya ƙara sauƙi.” Har zuciyata ta fara yin laushi. Sai ta sa hannu a ƙasan ledar ta fito da roba, sabuwa, da furenta da lambar wayarta. Ta ce, “Wannan na gyaran fatar da ta lalace ne, Umma. Na musamman na haɗa miki, ban sa tub ba.”

Na buɗe baki, Umma ta riga ni. “Karɓi, Dije, ki ce an gode.” Na karɓa na ce an gode. Suna fita na jefa ta a kwandon da ake zuba tsohon bandeji. Umma ta gani, ta juya fuska bango, ba ta ce in ɗauko ba.

Bayan sallama wata jinyar ce sabuwa. Fatar da aka saba wa sitiroyid ta yi bore, ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ƙuraje suka feso, sannan ta koma baƙi fiye da da. Likita ta riga ta gargaɗe mu, ta ce mu daure kada mu koma wa man. Watanni muna zaryar asibiti. Ƙwayar suga ɗaya ta da ba ta isa yanzu, allura Umma take yi wa kanta kullum. Matan nan da suka ce takaba ta karɓe ta, su ne dai suka zo suna cewa, “Ayya Hajiya, kin yi baƙi, kin lalace.” Ɗaya daga cikinsu, a tsakar gidanmu, ƙafar Umma na naɗe a gabanta, ta ja ni gefe tana tambayata ko har yanzu yarinyar nan tana haɗawa, don bikin 'yarta ya matso.

Tana haɗawa. Ta canza sunan shago, ta canza furen, kuma na ji ta ƙaro sababbin kalmomi. Ban kai ta ƙara ba saboda Umma ta hana, kuma ba zan ce na ji daɗin hanin ba. Abin da ya rage mini shi ne wannan rubutun. In an kawo wa mahaifiyarki roba, ki juya ta. In ba ki ga abin da ke ciki a rubuce ba, ko 'yar cikinki ce ta haɗa, ki ce an gode ki ajiye. Wadda kuma ta daɗe tana shafa irin wannan, kada ta yanke rana ɗaya, ta je asibiti da robar a hannu. Ina godiya ga likitar fata da na tiyata, da nas-nas, da maigidana da ya riƙe gida bai taɓa yi mini gori ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti.

Umma ta koma Islamiyya, da sanda da takalmi mai taushi, kuma yanzu ba ta musu in an tsayar mata da adaidaita sahu. Ana jibi ƙaramar Salla ta ce tana son lalle. Na tambayi likita, ta ce tunda ciwon ya rufe sarai a sa, amma zallan ganye, ban da gishirin lalle, ban da ɗaurin leda, kuma a duba ƙafar bayan an wanke. Na zo gida na kwaɓa da kaina. Ta miƙe ƙafa a tabarmarta ta ɗauki carbi. Na gama ta dama, na kama ta hagu, na bi tafin, na bi gefe, na zo kan yatsu. Hannuna ya tsaya a inda fatar ta haɗe ta yi sumul, idona ya cika.

Umma ta leƙo ta ce, “Me kika tsaya kallo, Dije? Sa wa ukun. Su ma Salla za su yi.”

Na sa musu.